Itacen da Ba Ya Toka: Hattara da Murhun Gas na Jin Ɗumi

Kowace shekara, da zarar watan Disamba ya kama, sai hotuna su fara shigowa wayoyinmu daga 'ya'yanmu da ƙannenmu mazauna Amurka da Ingila da Kanada. Ga su nan a falo, kowa da rigar sanyi, a bayansu kuwa wuta tana ci bal-bal cikin wani rami da aka gina a jikin bango, gumagumai uku ko huɗu sun jingina da juna. Wata tsohuwa da aka nuna wa irin wannan hoto ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "To, wa yake yo musu itace a can?" Aka ce mata ai babu mai yowa, itacen da ta gani bara shi ne dai na bana, ko ɗan yatsa bai ragu ba. Sai ta miƙa wayar, ta ce a daina yi mata wasan yara.

Ba wasa aka yi mata ba. Gumaguman nan da yumɓu ko siminti mai jure zafi ake yin su, a zana musu ɓawo da tsagu, a shafa musu launi har su yi kama da itacen gaske. A ƙarƙashinsu akwai bututun ƙarfe mai ƙananan ramuka, ta nan gas yake fitowa ya kama wuta. Waɗansu da ashana ake kunna su, waɗansu da maɓalli a bango, waɗansu ma mutum yana zaune a kujera zai danna rimot, wuta ta tashi. Babu faskare, babu kwasar toka, babu hayaƙi mai sa ido hawaye. Wanda ya taɓa hura ɗanyen itace da asuba ba zai raina wannan ci gaba ba, mu ma ba mu raina ba.

Amma fa wannan rashin hayaƙin shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Mu da muka tashi a gindin murhu, hayaƙi ne ɗan aiken da wuta take turo mana. In ya cika ɗaki, sai ido ya yi ja, tari ya taso, wani ya tashi ya buɗe ƙofa ba tare da an ce masa ya buɗe ba. Muka saba da cewa in babu hayaƙi, to, lafiya lau ce. Wutar gas kuwa ba ta turo ɗan aike. Tana iya cika ɗaki da guba alhali iska tana nan garau, ana hira ana dariya.

Gubar nan, masana suna kiranta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Duk abin da yake ci da wuta yana iya fitar da ita, ko itace ne, ko gawayi, ko kananzir, ko fetur, ko gas, musamman idan wutar ba ta samun isasshiyar iska. Sa'ad da mutum ya shaƙe ta, takan shiga jini ta kama gurbin iskar oksijin, gama jini ya fi riƙe ta da ƙarfi fiye da sau 200 a kan yadda yake riƙe oksijin. Mutum yana numfashi sosai, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, amma ƙwaƙwalwa da zuciya suna cikin yunwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a kowace shekara mutum fiye da 400 suke mutuwa a ƙasar saboda wannan iska, ban da waɗanda gobara ta ritsa da su, fiye da 100,000 kuma akan kai su asibiti da gaggawa. Wannan fa a ƙasar da ke da dokokin gini da ma'aikatan kwana-kwana a kowace unguwa.

Ba sabon abu ba ne a ƙasashen sanyi. Ran 29 ga Satumba 1902, aka sami shahararren marubucin Faransa, Emil Zola, a mace a ɗakin barcinsa a birnin Paris, yana da shekara 62. An hura wutar kwal a murhun ɗakin da dare, tagogi a rufe, ashe bututun hayaƙin a toshe yake. Shi da matarsa sun farka cikin dare ba su jin daɗin jikinsu, suka ɗauka abincin dare ne bai karɓe su ba. Gari ya waye, ita aka ceto ta, shi kuwa ya riga ya tafi. Har yau ana gardama ko maƙiyansa ne suka toshe bututun da gangan. Ko ma wane ne ya toshe, abin da ya kashe shi bai fi wuta kaɗan, da ɗaki a rufe, da bututun da ba ya ja ba.

Wanda ya kama hayar gida mai irin wannan murhu, abu na fari da ya kamata ya sani shi ne wane irin gumagumai ke cikinsa, domin iri biyu ne, dokarsu kuwa ba ɗaya ba ce.

Na farko shi ne mai bukatar bututun hayaƙi. Shi ne ya fi kyan gani, harshen wutarsa rawaya ne, dogo, yana lasar gumaguman kamar wutar itace. Da gangan aka yi shi haka, don ya ba da sha'awa. Sai dai wutar gas mai launin rawaya ba ta cinye gas ɗin sarai, tana fitar da kunkunniya da kuma gubar nan da muka ambata. Muddin bututu yana ja, duka za su fice ta kan rufin gida, ba abin da zai sami kowa. Inda gizo ke saƙar shi ne, a maƙogwaron bututun akwai wani ɗan ƙyauren ƙarfe da ake buɗewa ana rufewa da hannu. An sa shi ne domin a rufe sa'ad da babu wuta, kada ɗumin gida ya tsere sama. A zamanin itace ba wanda zai manta da shi, gama in ka hura wuta yana rufe, kafin minti biyu hayaƙi ya kore ka waje. Da gas kuwa, za ka iya kunna wuta yana rufe, ka zauna sa'a uku, ba ka ga komai ba. Saboda haka ne ƙa'ida a Amurka ta ce a ɗaura wa ƙyauren nan wani ɗan maƙalin ƙarfe da zai hana shi rufuwa ruf, ko a cire shi ɗungum.

A nan ne tsimi yake jawo wa mutane. Irin wannan murhu, yawancin zafinsa sama yake bi ya fita, kuɗin gas kuwa a lokacin sanyi ba sauƙi. Sai mutum ya yi lissafi, ya ce bari in ɗan rufe ƙyauren rabi don ɗumi ya zauna a ɗaki, ko ma ya sa filaya ya cire maƙalin. Lissafin daidai ne, ɗumi zai zauna. Amma ba shi kaɗai zai zauna ba. Muna roƙon kowane ɗanmu da ke can, kafin ya kunna wutar farko ta bana, ya durƙusa da tocila, murhu yana sanyi, ya leƙa sama ya ga ƙyauren da idonsa.

Ko ƙyaure yana buɗe, bututun kansa yana iya toshewa. Tsuntsaye sukan yi sheƙa a ciki da bazara, kurege yakan tara ganye, tubali yakan ɓalle ya faɗa. In kuma an taɓa ƙona itace a murhun shekarun baya, akwai baƙin dauɗa mai kama da kwalta da ke manne a ciki, mai iya kama wuta, tilas a kankare shi kafin a sa gumaguman gas. Shi ya sa ake kiran mai duba bututu sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo. Idan murhun yana da ƙofofin gilashi masu buɗewa, a bar su a buɗe muddin wuta tana ci, don ta sami iska.

Na biyu shi ne wanda ba ya bukatar bututu ko kaɗan. Wutarsa gajera ce, gindinta shuɗi, an tsara ta ta cinye gas kusan duka, zafinta kuwa gaba ɗaya ɗaki yake shiga. Wannan ya fi ɗumi, ya fi tsimi. Amma a lura, duk abin da wutar ta fitar, a ɗakin da kuke numfashi take zuba shi, iskar da take ci kuma taku ce. Don haka tun daga shekarun 1980 ake haɗa irin waɗannan na'urori da wani ɗan mai gadi da ke lura da oksijin na ɗaki. A iskar waje, oksijin kashi 21 ne cikin 100. In ya sauka zuwa wajen kashi 18, sai mai gadin ya datse gas, wuta ta mutu. Wanda murhunsa yake yawan mutuwa da kansa, kada ya ce ya lalace, ya nemi mai gyaran da zai kashe masa mai gadin. Magana murhun yake yi masa: ɗakin ya yi kaɗan, ko iska ba ta shiga, ko ƙura ta toshe wani wuri. Kuma mai gadin nan oksijin kaɗai yake aunawa, bai san kome game da guba ba.

Su kansu Amurkawa ba su yi baki ɗaya a kan wannan iri ba. Jihar Kalifoniya ta hana a kafa shi a gidajen zama, waɗansu jihohi da birane sun yarda da sharuɗɗa. Inda aka yarda ma, an ƙayyade ƙarfinsa: kada ya wuce 40,000 a ma'aunin zafi da suke kira BTU, a ɗakin barci kuma kada ya wuce 10,000. Namu ra'ayin shi ne, a kunna shi na 'yan sa'o'i, a ɗan sassauta taga ko da faɗin yatsa biyu ne, kuma ko kusa kada a kwana da shi. Akwai wani abu kuma da yakan ba baƙo mamaki. Gas in ya ƙone yana haifar da tururin ruwa, babban murhu yana iya zuba wajen lita ɗaya da rabi a ɗaki cikin sa'a guda. In ka ga tagogi suna zufa, bango yana yin baƙin funfuna, to, wutar ta daɗe tana ci, iska kuwa ba ta sauyawa.

Gumaguman kansu ba a jera su yadda aka ga dama. Kowane yana da mazauninsa, an zana a takardar da ta zo da su. Uwargida mai son tsabta takan kwashe su ta share ƙura, ta mayar yadda ya yi mata kyau a ido. In gungume ɗaya ya gitta kan ramukan da wuta ke fitowa, harshen wutar zai riƙa bugunsa yana hucewa, ƙonewa ta lalace, guba ta ƙaru. Alamar ita ce baƙin kunkunniya a jikin gumaguman marasa bututu, ko a bango, ko a silin. Wanda ya ga haka, ya kashe, ya kira ma'aikaci. Haka kuma murhun da aka yi don gas na bututun gari ba a haɗa shi da gas na tukunya, gama ramukansu da ƙarfin turinsu sun bambanta.

Yanzu bari mu juyo ga iyayenmu mata, waɗanda ake aiko wa tikitin jirgi su je zaman jego ko renon jikoki. Mama, mun san hannunki ya saba da wuta tun kafin a haifi mai gidan. Amma wannan ba murhun da kika sani ba ne. Ba a jefa masa takarda, ko kwali, ko ɓawon lemo, ko ledar da aka kwance kaya. Ba a gasa masara ko gyaɗa a kai, kome kwaɗayin gida. Ba a shanya kayan jariri a bakinsa. Labule, da kujera, da kayan ado na Kirsimeti, duka su yi nesa da shi kamar mita ɗaya.

Sai batun gilashi, wanda ya fi shafar jikokin. Gidaje da yawa na zamani suna da murhun gas da aka rufe fuskarsa ruf da gilashi, yana jan iska daga waje, yana mayar da hayaƙinsa waje. Ta fuskar guba wannan ya fi sauran aminci. Amma gilashin yakan yi zafi ya wuce digiri 200, watau ninki biyu na tafasasshen ruwa, kuma bayan an kashe wuta yakan fi rabin sa'a bai huce ba. Yaro mai koyon tafiya yana ganin haske sai ya nufa, ya dafa da tafin hannu biyu, ba shi da wayon janyewa da sauri. Ƙunar tana iya kai wa ga dashen fata. Daga 1 ga Janairu 2015 aka wajabta a Amurka da Kanada cewa sababbin murhu irin wannan su zo da ragar kariya a gaban gilashin. Waɗanda aka kafa kafin wannan shekara suna nan birjik a gidajen haya ba raga. Ana sayar da ita dabam, a saya.

Akwai ruɗani ɗaya da muke so mu warware. Mutane sukan ce, ai gas yana da wari, in da matsala za mu ji. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai ba na gas ɗin ba ne, zuba masa ake yi da gangan. A ran 18 ga Maris 1937, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Teksas, ya fashe, ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu yara. Bayan wannan ne jihar ta yi doka a riƙa sa wa gas wari, sauran wurare suka bi. To, warin yana tona asirin gas da ya tsiyaye bai ƙone ba. Wanda ya ji shi, kada ya kyasta ashana, kada ya taɓa maɓallin lantarki ko don kashewa, ya fitar da kowa, ya yi waya daga waje. Amma guba bayan gas ya ƙone take fitowa, ita kuwa ba wanda ya sa mata wari.

Tun da hanci ba ya jinta, dole a nemi mai ji. Masu haƙar kwal a Birtaniya da kanari suke shiga rami a keji, in tsuntsun ya faɗo daga kan sandarsa sai su yi waje da gudu. Ba a sallami kanari daga wannan aiki ba sai a 1986. Magajinsa a yau wata 'yar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba, mai aiki da batir, ana kafa ta a kowane hawa na gida da kuma kusa da ɗakunan barci. Dabam take da mai jin hayaƙi, ko da yake akwai masu haɗa aikin biyu. A Amurka kukan guba sau huɗu ne a jere sa'an nan shiru, na hayaƙi sau uku. Tana tsufa, yawanci tsakanin shekara 5 zuwa 10, ranar kuwa tana rubuce a bayanta. A Ingila, daga 1 ga Oktoba 2022, wajibi ne mai gidan haya ya sa ta a duk ɗakin zama da ke da kafaffen murhu ko tukunyar ɗumama gida. Wajibi ne kuma ya sa ma'aikaci mai rajistar Gas Safe ya duba kayan gas kowace shekara, ya ba ɗan haya takardar shaida. 'Ya'yanmu da yawa sukan ji nauyin tambaya, kada a ce baƙo ya cika fitina. Wannan haƙƙinsu ne, su tambaya.

Ranar da aka fi shiga haɗari ita ce ranar da lantarki ya ɗauke ana tsakiyar sanyi. A watan Fabrairu 2021 guguwar ƙanƙara ta bar miliyoyin mutane a Teksas cikin duhu kwana da kwanaki. Hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu, 19 daga cikinsu wannan iska ce ta kashe su. Waɗansu sun shigo da gawayin gashi cikin ɗaki, waɗansu janareta, waɗansu sun tayar da mota a gareji a rufe don su sami ɗumi.

Wanda ya karanta wannan a Jos ko Pankshin ko Gembu, ai ya ji an taɓo gida. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu da gumaguman yumɓu, amma muna da kaskon gawayi, shi ma kuwa wuta ce marar hayaƙi. Mukan bar shi a tsakar gida har hayaƙin ya ƙare, garwashi ya yi jajur, sa'an nan mu ce ya nuna, mu shigar da shi ɗaki, mu ja ƙofa. Hayaƙi ne ya ƙare, gubar kuwa tana fita har garwashin ƙarshe ya mutu. Kakanninmu sun kwana da wuta a ɗakunan ciyawa da iska ke ratsawa ta ko'ina. Mu kuwa mun yi siminti da silin da tagar alminiyom, muka toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda hunturu, muka riƙe al'adar kasko yadda take. Ɗakin mai jego ya fi ba mu tsoro, gama jariri, da ɗan da ke ciki, sun fi kowa saurin cutuwa. Haka nan mai kunna risho ko murhun girki na gas don ɗumama ɗaki, da mai shigar da janareta lungu ko kicin don tsoron ɓarayi, da wanda ya gaji tsohon gidan Turawa mai murhu a falo, ya hura wuta a bututun da ba a leƙa ba shekara da shekaru.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, da rikicewar tunani. A can sukan ɗauka mura ce, a nan mukan ce zazzaɓin cizon sauro ne, ko abinci ne ya ɓaci, ko ma an yi wa gidan sammu. Abin lura shi ne, babu zafin jiki, ciwon ya kama mutanen ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya, wanda ya fita waje kuma sai ya ji dama-dama. Mai barci da wanda ya sha giya ba su jin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

In an sami mutum a wannan hali, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da shi iska nan take, mai ceton kuma kada ya daɗe a ciki. Kada a ɗura masa manja ko madara, gubar ba a ciki take ba, a jini take, wanda ya suma kuwa yana iya shaƙewa. A kai shi asibiti ko da ya farfaɗo ya ce ya warke, a kuma faɗa wa likita a fili cewa da wuta aka kwana, domin 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa takan nuna oksijin lafiya lau ga mai wannan guba. A iskar waje jiki yakan ɗauki sa'a 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabinta. Da oksijin tsantsa na asibiti kuwa, wajen sa'a ɗaya da rabi ya isa.